Sandar Mai Rediyo

Shagona na ɗinki yana kallon nata, tsakaninmu ɗan lungu ne wanda kura biyu ta 'yan ga-ruwa ba sa iya gittawa a lokaci ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan duk sanda na ɗaga kai daga keke ƙeyarta nake gani, ta sunkuya kan tebur, hayaƙin dalma yana tashi siriri ta gefen kunnenta. Shi ya sa 'yan layinmu suka sa mata Dalma, sunan kuwa ya bi ta har ya danne na ainihi. A gida Auta ake ce mata.

Shagon na babanta ne, wanda kowa ya sani da Mai Rediyo. 'Ya'ya biyu Allah ya ba shi. Namijin, wanda ita ke kira Yaya, tun yana makaranta ya ce warin dalma yana sa shi ciwon kai, ya yi karatu ya sami aikin ofis a wani gari mai nisan rabin yini a mota. Ita kuwa a ƙarƙashin teburin uban ta girma, tana ware ƙananan kusoshi cikin gwangwanayen madara. Da uwarsu ta rasu sai zaman shagon ya zame mata na dindindin. Ta yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a, ta yi aure, ta haifi mata biyu, amma ba ta taɓa barin teburin nan fiye da wata uku ba. Da mutane suka rage kawo rediyo sai ta koma gyaran waya da fitilun caji, ta kuma sayi wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, ta koya wa kanta yadda ake rubuta umarni a cusa wa ƙananan na'urori.

Mai Rediyo mutum ne mai kunne. Kana shigowa da akwatinka zai ce ka kunna, ya karkata kai, kafin ka gama gaisuwa ya faɗa maka abin da ya ƙone. Ido ne ya ci amanarsa. Hawan jinin ido likita ya ce, kuma an makara. Ganinsa ya riƙa tsukewa daga gefe kamar bakin jakar da ake jan zariyarta, har wata rana ya rufe ruf. Surukinsa, mijin Dalma, ya gyara masa ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu ya dawo wurinsu da zama.

Abu ɗaya Mai Rediyo ya ƙi, shi ne a riƙe masa hannu. Ya ce shi ba kaya ba ne da za a riƙa ja. Kowace safiya zai ɗauki sandarsa ta katako ya kamo hanyar shago, tafiyar minti goma sha biyar, ya zauna a kujerarsa yana sauraron abin da aka kawo gyara. Sau biyu yana isowa da jini a goshi. Na farko murfin taga ne da aka buɗe waje, na biyu madubin babbar mota. Sandar katako ƙasa take lalube, ba ruwanta da abin da ke daidai kan mutum.

Bayan na biyun ne Dalma ta yi mako uku tana haɗa wani abu wanda ba na kowa ba ne. Ta kira ni na gani da ta gama. Sanda ce ta bututun ƙarfe marar nauyi, an ɗaura mata ɗan baƙin akwati kamar na sabulu, a gabansa wasu abubuwa zagaye guda huɗu kamar marfin kwalba. Na ce idanu ta yi mata. Ta ce a'a, baki ne da kunne. Bakin yana fitar da wata siririyar ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, irin ta jemage, ƙarar ta je ta bugi abin da ke gaba ta dawo, kunnen ya kama ta, na'urar ciki ta ƙirga tsawon lokacin da tafiyar ta ɗauka, daga nan ta san nisan abin. Baki da kunne na sama suna fuskantar gaba. Na ƙasa suna kallon hanya, wajen taku ɗaya da rabi a gaban mai tafiya, don su ji in ƙasa ta zurma. A mariƙin ta saka ɗan injin nan da ke sa waya ta yi rawa. In abu ne a gaba, sandar ta yi makyarkyata a hankali, in rami ne ko gangara sai ta harba sau uku da ƙarfi.

Makon farko Baba har da waƙa yake shigowa layi. Goshinsa ya huta. Amma ba a jima ba sandar ta fito da halinta. Da safe, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai ta harba sau uku, tsoho ya ja ya tsaya cak yana lalube, babu komai. A bakin layinmu kuma, wajen Mai Faci, sai ta haukace gaba ɗaya. 'Yan layi suka sa mata suna Magulmaciya. Shi ma Baba ya ce wa 'yarsa sandar nan ta fi gwaggonta surutu, kuma gwaggon ko ba komai wani lokaci takan faɗi gaskiya.

Dariya muka yi, amma ita abin ya ci mata rai. Wata safiya da aka kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ta karɓi sandar ta sake saita ta a ƙofar shago. Da ma ta umarce ta ta yi magana in ƙasa ta sauka da santimita shida. Ran nan ta mai da shi goma sha biyu. Sandar ta yi shiru, kowa ya ce an gyara.

Kwana tara bayan haka, ranar Laraba wajen ƙarfe biyu, rana tana dukan kwanon shago har keke yana ƙona hannu, sai ga Mai Faci ya shigo layi da gudu. Baba ya tashi zai koma gida ya huta, ya bi ta barandar shagon magani kamar kullum don inuwa. A kowane ƙarshen barandar akwai tudu ɗaya da ake sauka. Ya san da shi, shekara nawa yana bi, amma ya saki jiki da sandar, ya daina ƙirga taku. Ba ta ce masa komai ba. Ya taka iska, ya kife, hannun dama ya karye a wuyan hannu, girarsa ta tsage. Dalma ta fita ba takalmi, ta bar ƙarfen narka dalma a kan tebur yana cin katako. Ni na shiga na zare shi daga wuta.

Washegari Yaya ya iso. Ya fara zuwa asibiti, ya ga uban da hannu cikin filasta da ɗinki huɗu a gira, sannan ya zo shago da sandar a hannu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ajiye ta a kan tebur a tsakiyar wayoyin mutane.

Ya ce, "Auta, kin mai da ubanmu abin gwaji."

Ta ce ba haka ta yi nufi ba. Ya ce ya sani, amma niyya ba ta ɗora ƙashi. Ya ce likita ya ba da mako shida kafin a cire filasta, ranar da aka cire zai zo da mota. Ya riga ya sa an share ɗaki a gidansa, a bene, kuma matarsa ta sami wanda zai riƙa kula da Baba. Can babu kwata, babu tudu, babu inda zai je balle ya faɗi. Da ya fita Dalma ta ɗauki sandar ta jefa saman kantar shago, bayan matattun rediyoyin da masu su ba su dawo ba.

Kwana huɗu ba ta dube ta ba. Tana aiki, amma na ga ta haɗa wayar wani ta manta ba ta mai da batir ba, abin da ban taɓa gani a wurinta ba. A rana ta biyar, kamar yadda ta ba ni labari, tana ba Baba shayi a baki saboda bai iya riƙe kofi da hagu ba, sai ya tambaye ta da ƙarfe nawa ta saita sandar. Ta ce da safe, wajen bakwai. Ya ce shi kuma da ƙarfe biyu ya faɗi. Ya tuna mata da tsofaffin rediyoyi masu kwalba, waɗanda za ka kama tasha da safe sarai, in akwatin ya ɗau zafi sai tashar ta zame sai ka sake murɗawa. Ya ce shi bai san lissafinta ba, amma a saninsa duk abin da ke awo yana da lokacin da yake ƙarya, aikin mai gyara shi ne ya gano lokacin.

Da safe ta tsallako ta ari tef ɗina na awo. Ta ɗaure sandar a jikin kujera tana fuskantar bangon lungu, ta auna santimita ɗari da hamsin, ta haɗa waya daga akwatin zuwa kwamfuta don ta ga lambar da sandar ke ji. Kafin awa ɗaya ta dawo mini da tef ɗin, ta ce ya saki, ya ƙara kusan santimita biyu a kowace mita, kuma yanzu ta gane dalilin da ya sa duk rigar da na ɗinka mata take matse ta a kafaɗa. Na ce ƙiba ce ba tef ba. Wannan ce dariyarta ta farko tun ranar Laraba. Ta nemo na ƙarfe wurin kafinta ta sake awon.

Duk awa ɗaya sai ta rubuta lamba a bayan kwali. Ƙarfe bakwai, ɗari da hamsin. Ƙarfe goma, ɗari da arba'in da takwas. Bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, ta zana wa ƙafafunta alli. Ƙarfe biyu, ɗari da arba'in da biyar. Ta duba a kwamfuta ta ga abin a rubuce yake tun tuni, ita ce ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba: ƙara ta fi gudu a cikin iska mai zafi. In ta yi sauri ta dawo da wuri, na'ura kuwa sai ta zaci abin yana kusa. Ta ɗauki tef ta tafi barandar shagon magani. Da ta dawo shagona ta shigo, ta zauna a kan tarin yadi.

Ta ce, "Tudun sha shida ne. Zafi ya cinye biyar, saura sha ɗaya. Ni kuma na ce mata kada ta yi magana sai ta ga sha biyu."

Na ce ƙaddara ce. Ta ce ƙaddara ce, amma da hannunta ta rubuta sha biyun.

Daga ranar ta rage karɓar aiki. Ta samo ma'aunin zafi ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, ta haɗa shi da na'urar, ta rubuta mata ta fara tambayar zafin iska kafin ta yi lissafi. Karon farko a cikin akwatin ta saka shi, sai lambobi suka karkace ta ɗaya ɓangaren, domin baƙin akwati in ya sha rana cikinsa ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Kwana uku ta ɓata kafin ta gane. Ta fito da shi waje, ta yanka farin marfin roba ta yi masa rumfa, iska tana ratsawa ta ƙasa. Ta sake zaman bango da kwali yini biyu cur. Daga safe zuwa la'asar lambar ba ta kauce da fiye da santimita ɗaya ba.

Saura haukan da sandar ke yi a wajen Mai Faci. Ta ɗauki kujera da kwamfuta ta je ta zauna a can cikin tayoyi. Rabin yini babu abin da ya faru. Sai aka kawo tayar babbar mota, Mai Faci ya saki tiyon iska, nan take lambobi suka fara tsalle, ɗari da hamsin, talatin, ɗari uku, sifiri. Ashe hucin iskar yana ɗauke da irin siririyar ƙarar nan, kunnen sandar yana ji yana zaton amsar bakinsa ce ta dawo. Maganin da ta yi shi ne ta hana na'urar yarda da amsa ɗaya. Ta sa ta yi kira sau bakwai a jere, ta jera amsoshin daga ƙarami zuwa babba, ta watsar da na gefe ta ɗauki na tsakiya. Ta ce mini kamar shaidu bakwai ne, ko uku sun yi ƙarya ba za su iya jan na tsakiya zuwa inda suke ba. Mai Faci ya yi ta buɗe mata tiyo yana rufewa har ya ce za ta ƙarar da iskar garin.

Akwai abin da ya gagare ta. Ta rataya labule mai kauri daga shagona ta nuna masa sandar, sai da ta matso kamar taku ɗaya sannan ta ji shi, domin yadi yana shanye ƙara. Igiyar shanya ma ba ta ji ko kaɗan. Ba ta ɓoye ba, ta je ta faɗa wa Baba dalla-dalla abin da sandar ke ji da abin da ba ta ji. Ya ce gara haka, abokin tafiya da ka san gurguntarsa ya fi wanda ka zaci lafiyayye ne.

A mako na biyar ta zo ta ce in ba ta ƙyalle baƙi mai kauri. Ta ɗaure idonta da shi, da ƙarfe biyu na rana, ta bi barandar shagon magani da sandar, ni ina tsaye a bakin tudun da hannu a buɗe. Mutane suka taru suna kallo, wasu suna cewa baƙin ciki ya taɓa ta. Sau arba'in ta yi cikin kwana huɗu, sau arba'in sandar ta harba. Mijinta ya zo ya ga na ƙarshe. Mutum ne marar yawan magana, abin da ya ce kawai shi ne ƙafarta ta san wurin, tana rage sauri tun kafin ta iso. Ta ce ba ta ragewa. Ya ce to.

Ranar Juma'a aka cire filasta. Asabar da hantsi Yaya ya iso da mota. Ina gidan, na je taya ta ninke kayan Baba, domin duk abin da take yi a shago ba ta taɓa ce wa yayanta ba za ta ba shi uban ba. Jaka biyu aka cika, aka ajiye a bakin ƙofa. Baba yana zaune a bakin gado, hannun daman ya rame ya yi fari kamar ba nasa ba. Aka ci abinci, aka yi salla. Da Yaya ya ce a tashi kada yamma ta yi musu a hanya, sai Baba ya ce ba zai bar garin ba sai ya je ya yi sallama da 'yan layi. Yaya ya ce ga mota. Baba ya ce da ƙafa zai je, shi kaɗai, kuma a miƙo masa sandarsa.

Yaya ya dubi ƙanwarsa, ita kuwa ta dubi ƙasa. Ya ce wallahi ba da shi za a sake wannan ba.

Baba ya ce, "Ido na rasa, ban rasa zama ubanka ba. Ku biyo ni in kuna so, amma taku ashirin a bayana, kuma kada in ji bakin kowa."

Haka muka fita, ƙarfe biyu saura, kwalta tana tururi. Ya riƙe sandar da hagu. Da farko a hankali yake tafiya, kafaɗunsa a ɗage. Ya kauce wa wata mota da aka ajiye a kan hanya tun kafin ya kai gare ta. Ya hau barandar shagon magani. Na ji numfashin Yaya ya canza a gefena. Taku ɗaya da rabi kafin tudun Baba ya tsaya, ya sauke bakin sandar ya taɓa ƙasa, ya sauka kamar mai ido. Bai juyo ba, amma ya ɗaga sandar sama kaɗan don mu gani. Dalma ta saki hannuna da ta damƙe, sai a lokacin na ji zafin farcenta.

Daga nan ne tafiyar Baba ta sauya. Kafaɗu suka sauka, taku ya buɗe, ya koma tafiyar da na san shi da ita shekarun baya, ta mutumin da ke sauri kada mai kaya ya riga shi shago. Har sai da muka ƙara sauri don kada ya ba mu rata.

Muna karya kwanar bakin layi muka gani. Masu yashe kwata sun zo da safe sun ɗage murfin siminti biyu daidai gaban Mai Faci, sun tara baƙin taɓo a gefe sun tafi cin abinci, ko igiya ba su gitta ba. Ramin ya kai ƙirjin mutum, kuma ƙarafan tsohon siminti sun fito a bakinsa. Mai Faci ya juya baya yana ba tayar babbar mota iska, injinsa yana ruri, tiyo yana huci. Baba yana tafe kai tsaye.

Daga baya ta gaya mini abin da ya faɗo mata a rai a wannan lokacin. Kira bakwai yana cin lokaci, ɗan kaɗan ne, bai kai rabin daƙiƙa ba, amma duk gwajin da ta yi da tafiyar mai tsoro ta yi shi. Ba ta taɓa gwadawa da saurin mutumin da ya yarda da ita ba. Maganar mijinta ce ta dawo mata.

Taku biyar ya rage. Taku huɗu. Dalma ta zubar da takalmanta ta zura da gudu. Uku, biyu, Baba bai rage ba. Ta ƙwala masa kira da wata murya da ban san tana da ita ba, shi kuma ya tsaya.

Bakin takalminsa na dama yana kan gefen ramin, yashi yana zubowa ciki daga ƙarƙashinsa. Sandar tana miƙe a kan fanko. Ta iso ta rungume shi ta baya ta ja shi, suka zauna a ƙasa tare. Mai Faci ya juyo ya kashe inji, layin ya yi tsit.

Abin da Baba ya fara cewa shi ne wa ya ce Auta ta yi magana. Ya rantse sandar ta harba sau uku a tafinsa kafin ya ji muryarta. Yaya ya ce kiran ne ya tsai da shi, kowa ya gani. Suka juyo gare ni. Ni kuwa ina wurin, idona a kansa, amma har yau ba zan iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

Dalma ce ta raba gardamar, tana zaune a ƙasa ƙafarta tana jini inda ta taka kwalba.

Ta ce, "Ko ita ce ta tsai da shi, ta makara. Taku ɗaya da rabi na yi alkawari, ba bakin rami ba. Yaya, ban gama ta ba."

Na zaci ta miƙa masa wuƙa da nama ke nan. Yaya ya zauna a kan wata taya, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya zuba sauran a ka. Can ya tashi ya ɗauki sandar, ya koma baya, ya rufe ido ya tako a hankali har ta harba a hannunsa. Ya buɗe ido ya dubi ramin, ya dubi sandar. Ya tambaye ta kwana nawa gyaran zai ɗauka. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce da ta ce masa kwana uku da yanzu Baba yana cikin mota.

Ya kwana, ya tafi ranar Lahadi shi kaɗai, bisa sharaɗin Baba ba zai fita ba rakiya ba sai ita da bakinta ta ce ta gama. Baba ya yi mako biyar yana tafiya a gefen surukinsa yana mita, ya ƙi a riƙe shi, sai dai kafaɗa tana gogar kafaɗa. Ita kuma ta rage kiran zuwa biyar, ta ɗaga bakin na ƙasa ya riƙa hango gaba kaɗan, wanda ya sa dole ta sake duk awon tun daga farko. Wannan karon mijinta ta ɗaure wa ido, a filin makaranta ranar da babu ɗalibai, a wuraren da bai sani ba, tana ce masa ya ƙara sauri. Tsakaninta da Yaya kuwa abin bai warke da wuri ba. Kusan shekara guda in zai tambayi lafiyar Baba mijinta yake kira.

Baba ya yi shekara huɗu yana zuwa shago da ƙafarsa. Ya taɓa karo da igiyar shanya sau ɗaya, ya zagi mai igiyar. Bara waccan ya rasu a kan gadonsa, da ciwon da ba shi da alaƙa da hanya.

Tun yana raye mutane suka fara zuwa tambaya. Zuwa yanzu sanda tara Dalma ta yi, ba ta kuma yarda ta yi da yawa ta ajiye. Ruwan sama har yau yana rikita su, tana faɗa wa kowa tun kafin ya karɓa. Ranar Alhamis ɗin nan wata mata ta zo, ta ce mijinta direba ne a da, sukari ya ɗauke masa gani, shekara biyu bai leƙa waje ba, tana so a ba ta ɗaya ta kai masa. Dalma ta ce ba a kaiwa, sai ta ga tsawonsa da irin takunsa da hanyar da zai bi. Matar ta ce sai an shiga mota biyu kafin a kai garinsu, kuma shi ba zai yarda ya fito ba. Dalma ta goge bakin ƙarfenta a jikin soso, sannan ta ce matar ta kwatanta mata gidan. Litinin za ta rufe shago ta je. Ta riga ta ce in karɓar mata wayoyin da za a kawo, in rubuta sunan kowa a jikin tasa.